Ɗan lido ba ya tuna jiya, hanyar Birnin Gwari kuwa tana tunawa

Sau takwas ke nan kana jefa ɗan lido, siki ya ƙi fitowa. 'Ya'yanka huɗu duk suna cikin gida, abokin wasanka kuwa har ya cinye biyu yana ta yi maka dariya. Ka ɗauki gwangwanin ka girgiza da ƙarfi, zuciyarka na ce maka yanzu kam dole ya fito, ai ya daɗe bai zo ba.

Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Ɗan lido fuska shida gare shi, siki kuma fuska ɗaya ce tak a cikinsu. A jifa na tara damarka 1/6 ce, daidai da ta jifan farko. Wannan ɗan dunƙulen ba shi da ƙwaƙwalwa, bai san ka sha wuya ba, ba ka kuma bin sa bashi. Idan aka lissafa, jifa takwas a jere babu siki abu ne da ke faruwa wajen sau 23 cikin 100, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Ba asiri aka yi maka ba.

Wannan shi ne darasin da ake koya wa ƙannenmu a ƙaramar sakandare da sunan furobabiliti, wato lissafin yiwuwar abu. Yawancinmu haddace shi muka yi don jarrabawa, muna fitowa daga ɗakin muka zubar. Littattafan ma ba su taimaka ba, kullum misalinsu a wurga kwandala sama a ga fuskar da za ta faɗo. Yaron da aka haifa a Kuyello ko Randagi a 2012, ina ya taɓa riƙe kwandala? Rabon da Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbin sulalla tun 2007, su ma ba su yi kwana a hannun mutane ba. In dai ba a gidan kallon ƙwallo ba, lokacin da alƙalin wasa zai raba gida, ba inda yaron zai ga ana wurga ta.

Amma in ka tuɓe wa darasin rigar boko, tambaya ɗaya ce ta rage: abin da ya faru da farko, ya taɓa abin da zai biyo baya ko bai taɓa ba? In bai taɓa ba, al'amura ne masu zaman kansu. In ya taɓa, masu jan juna ne. Mutum na iya rasa kuɗinsa, ko lafiyar 'ya'yansa, ko ma ransa, saboda ya ajiye abu a layin da ba nasa ba. A yanki irin Birnin Gwari wannan ba zuzutawa ba ce.

Ƙa'idar masu zaman kansu mai sauƙi ce: in kana son abu biyu su faru tare, ninka damar na farko da ta na biyu. A lidon da ake jefa 'ya'ya biyu, samun siki biyu lokaci guda 1/6 sau 1/6 ne, wato 1/36. Shi ya sa in ya zo ake ihu har a majalisar da ke tsallaken titi.

Kada ka ji kunya, manya ma sun faɗa ramin “lokacinsa ya yi”. Ranar 18 ga Agustan 1913, a gidan cacar Monte Kalo da ke Monako, ana juya wani faifai da ƙwallo ke faɗawa kan ja ko baƙi. Ƙwallon ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Attajirai suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, kowane juyi suna ƙara yawa, wai baƙi ya gaji. Miliyoyi suka bari a kan teburin.

Kwanon adashe

Yanzu leƙa adashen su Umma. Mata goma ne, aka ce a yi ƙuri'a don a san wadda za ta fara kwasa. An rubuta lamba 1 zuwa 10 a 'yan takardu, an nannaɗe, an zuba a kwano, kowa na addu'ar lamba 1. Wadda ta fara sa hannu damarta 1/10 ce. Ta buɗe, ta ga 7. To yanzu takarda tara suka rage kuma lamba 1 na cikinsu, don haka mai bi mata damarta ta hau zuwa 1/9. Da a ce ta farkon ce ta ɗauke lamba 1, da damar sauran ta koma sifili.

Kin ga bambancinsa da lido, 'yar'uwa? Takardar da aka cire ba ta komawa cikin kwano. Abin da ya faru ya canza abin da ya rage.

Wani abin dariya a nan shi ne rigimar wa za ta fara sa hannu ba ta da amfanin komai. Kafin a buɗe takarda ko ɗaya, ta biyu na buƙatar ta farko ta kuskure, 9/10, sannan ita ta dace, 1/9. Ninka su, za ki samu 1/10. Har ta ƙarshe da ake tausaya wa, wadda aka bar wa ragowar takarda ɗaya, 1/10 ce damarta tun asali. Sai dai in uwar adashe ta yi wa wata takarda alama, wannan kuma ba zancen lissafi ba ne.

Ciki lido ne, ba adashe ba

Inda rikita waɗannan biyun ya fi ciwo shi ne maganar sikila. Saurayi AS, budurwa AS, suna son juna. Kowannensu zai ba ɗan da za su haifa ɗaya daga cikin biyun da yake ɗauke da su, A ko S. Hanyoyi huɗu ke nan: A daga uba da A daga uwa, A daga uba da S daga uwa, S daga uba da A daga uwa, sai S da S. Ta ƙarshen ita ce amosanin jini. Shi ne ma'aikatan lafiya ke cewa ɗaya cikin huɗu.

Sai mutane su ji “ɗaya cikin huɗu” su fassara shi da harshen adashe. Wai in suka haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai zo da ita. Wai in na fari ya zo da ita sun biya kasonsu, ukun da ke tafe lafiya lau. Akwai ma masu cewa to za mu tsaya a uku, kamar na huɗun ne aka rubuta wa. Ka duba sharhin da ake yi a ƙarƙashin duk wani rubutu kan gwajin jini a Facebook, ba za ka rasa irin wannan ba.

Babu wata takardar SS guda ɗaya da ake cirewa a wuce wurin. Kowane ciki sabon jifa ne, 1/4 a na fari, 1/4 a na biyu, 1/4 a na bakwai. Idan kana son sanin damar su haifi huɗu babu mai sikila ko ɗaya, ninka 3/4 sau huɗu: 81/256, wajen kashi 32 cikin 100. Juya shi ka gani. A cikin irin waɗannan ma'aurata 100 masu 'ya'ya huɗu, wajen 68 za su samu aƙalla ɗa ɗaya mai ciwon. In 'ya'yan shida ne, kuma ka san shida ba wani yawa ba ne a gidajenmu, adadin ya haura 82. Akwai gidan da huɗu za su zo duk lafiya, akwai gidan da biyu za su zo da ita a jere, kuma duk lissafi ɗaya ne ya haife su. Matar da ta haifi biyu a jere ba ta da wani baƙin jini, ba kuma laifinta ba ne ita kaɗai kamar yadda dangin miji kan so su nuna. Rabin abin daga ɗansu ya fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da na rukunin jinin nan. Doka ta yi, amma ka yi tunanin yarinyar da sikila ta tasar wa cikin dare a ƙauyen da ke bayan Dogon Dawa, a shekarun da ba mai iya fitowa da mota bayan magariba. A ganina lokacin gwaji shi ne kafin zance ya yi nisa, tun ana iya rabuwa da ɗan hawaye kaɗan. Sati biyu kafin ɗaurin aure, bayan an kai lefe an buga kati, ba kowa ke da ƙarfin zuciyar ja da baya ba.

A cikin maganar sikilar ma akwai ɓangaren jan juna. In kai AS ne, 'yar baffanka ta fi baƙuwa yiwuwar zama AS, domin kakanninku ɗaya. Auren zumunci ba laifi ba ne, amma shi ya fi kowane buƙatar takardar gwaji.

“Wasa ɗaya ne ya yanke min”

Caca haramun ce, wannan ba sabon labari ba ne a gare ka, kuma a Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunanta da dama a Kano. Sai dai shagon yanzu yana cikin aljihu, a waya. Don haka bari mu yi maganar da lambobi.

Ka zaɓi wasa goma, kowanne kana ganin tabbas ne. Mu yi maka adalci mu ce kowanne damar ya tafi yadda ka ce kashi 70 ne cikin 100. Wasan da ake yi a Ingila bai san wanda ake yi a Sifaniya ba, masu zaman kansu ne, sai a ninka. 0.7 sau goma a jere ya ba ka 0.028. Ƙasa da 3 cikin 100. In ka ƙara zari ka jera ashirin, ya koma wajen 1 cikin 1,250.

Ga inda ake kama mutane. Damar ka ci tara ka faɗi ɗaya a tikitin wasa goman nan wajen kashi 12 ce cikin 100, ta ninka damar cin duka fiye da sau huɗu. Wato wannan takaicin na “saura ƙiris” ya fi cin duka yiwuwa tun kafin a take leda, kuma shi ne ke dawo da kai gobe. Ba ka kusa ba. Tikitin gobe bai san na yau ya yi saura ƙiris ba.

Hanya

Zuwa nan duk kuskuren iri ɗaya ne, ganin alaƙa inda babu ita. Akwai kishiyarsa, kuma mutanen Birnin Gwari sun san shi a jikinsu.

Hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Birnin Gwari ta haura kilomita 100, ta ratsa garuruwa irin su Buruku da Kuriga da Udawa, daga can ta wuce Tegina a Jihar Neja ta kama hanyar Legas. Shekaru da dama sunanta kaɗai ya isa ya sa uwa ta kwana ba barci. A tasha za ka ji ra'ayi biyu. Wani ya ce jiya aka tare, yau ba za su fito ba. Wani ya ce kwana goma shiru, yau kam akwai magana. Dukkansu lissafin Monte Kalo suke yi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya.

Mu ɗauki wata lamba don misali kawai, ba ƙididdigar kowa ba ce. A ce haɗarin kowace tafiya 1 ne cikin 100. Ga ɗalibin da zai bi hanyar sau ɗaya ya koma makaranta, 99 cikin 100 zai sauka lafiya. Ga direban da zai bi ta sau 50, sai a ninka 0.99 sau 50, a samu wajen 0.6. Ma'ana damar ya ci karo da su aƙalla sau ɗaya ta kusa 40 cikin 100. Mota ɗaya, kujera kusa da kujera, amma haɗarin da fasinja ya ɗauka da wanda direba ya ɗauka ba ɗaya ba ne. Ka tuna da wannan in an ƙara kuɗin mota kana zagin direba.

To amma wannan lissafin ya ɗauki hanya kamar ɗan lido, ita kuwa ba haka take ba. Masu tare ta mutane ne, suna da ido da kunne da waya, suna da masu kai musu rahoto. Ranar kasuwa ba ɗaya take da sauran ranaku ba. Damina, lokacin da ciyawa ta kere tsayin mutum, ba ɗaya take da rani ba. Ranar da aka janye jami'an tsaro daga wani shinge ba ɗaya take da ranar da aka ƙaro su ba. In an tare jiya kuma ba abin da ya biyo baya, wannan ƙarin dalili ne na tsoron yau.

Direbobi sun gane haka ba tare da allo ba. Duk wanda ya bi irin waɗannan hanyoyi ya san yadda direba ke zuba ido kan motocin da ke tahowa daga gaba. Muddin suna wucewa jefi-jefi, hankalinsa a kwance yake. Da zarar an ɗauki lokaci ba ko ɗaya, zai rage gudu, ya tsaya a gari na kusa ya yi tambaya. Bai ga ɗan bindiga ba, bai ji harbi ba. Abu ɗaya ya gani, rashin mota, ya canza ƙiyasinsa a kan abu na biyu. Abin da ake ba ɗalibi maki a kansa a jarrabawa ke nan, shi kuwa da ransa da na mutanen da ke bayansa yake amsa tambayar.

Tafiya a ayari da rakiyar jami'an tsaro ma tana da fuska biyu. Tana rage damar a tare, amma tana ɗaure makomar motocin a igiya ɗaya. Motoci goma da suka tashi a lokuta daban-daban, da wuya abu ya same su duka. Goma da ke jere, in abin ya zo, tare yake zuwar musu.

Dajin kansa haka yake. Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma a haɗe yake da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ga dazukan Neja da na Katsina a kusa. Iyakar jiha a taswira take, ɗan bindiga a kan babur bai san da ita ba. Shi ya sa idan aka matsa musu a Zamfara, mutanen Birnin Gwari ba murna kaɗai suke yi ba, suna kuma sa ido. Hausawa sun riga malaman lissafi faɗa: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Duba jerin nan. Ƙanƙara, Disambar 2020, ɗalibai sama da 300. Kagara, 17 ga Fabrairun 2021. Jangebe, 26 ga Fabrairu, 'yan mata 279. Kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna, 11 ga Maris. Kwana huɗu bayan nan, 15 ga Maris, aka shiga firamaren Rama a ƙaramar hukumar Birnin Gwari aka tafi da malamai uku. Makarantu biyar a jihohi huɗu cikin wata uku da 'yan kwanaki. Wanda zai ce wannan dacewa ce kawai, kamar baƙi sau 26, bai fahimci komai ba. Kowane hari ya nuna wa na gaba cewa abin yana yiwuwa, kuma duniya za ta juyo ta saurara.

Gwamnati ma da wannan tunanin ta yi aiki a 2021, lokacin da Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana acaɓa, sannan a ƙarshen Satumba aka katse layukan waya a wasu yankuna. Hikimar ita ce hari ya dogara da fetur da waya da kasuwa, in ka yanke su ka rage shi. Abin da aka yi wa ƙaramin lissafi shi ne rayuwar talaka ma a kan waɗannan ukun ta dogara. Layin da mai kai rahoto ke amfani da shi, da shi ɗan ƙauye ke kiran agaji.

A Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da aka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan kusan shekara goma a rufe. Motoci suka dawo hanya, manoma suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Akwai masu ganin sulhun a matsayin lada ga wanda ya yi kisa, kuma wanda ya binne ɗan'uwansa bayan harin Gwaska na Mayun 2018, inda aka kashe aƙalla mutum 45, yana da hakkin ya ji haka. Ni dai abin da zan ƙara shi ne kwanakin lafiya ma masu jan juna ne. Kasuwa ta ci lafiya wannan makon, mako mai zuwa dillalai sun ƙaru, mai shayi ya samu ciniki, matashin da ya samu na cefane ya rage sauraron mai neman ɗan rahoto. Haka kuma saɓa alƙawari ɗaya, daga kowane ɓangare, ba ya tsayawa a ɗaya.

Mutum goma sun faɗa, ko mutum ɗaya sau goma?

Ninka lambobin da bai kamata a ninka ba ya taɓa kai uwa kurkuku. A Ingila a 1999 aka ɗaure wata lauya, Sally Clark, bisa zargin kashe jariranta biyu da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya gaya wa kotu cewa damar jarirai biyu su yi mutuwar farat ɗaya a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Yadda ya samo lambar shi ne ya ɗauki 1 cikin 8,543 ya ninka da kanta, kamar jifan lido biyu. Alhali 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, jini ɗaya, gida ɗaya, abin da ya kashe na fari yana iya zama a jikin na biyu. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito ta ce lissafin ba daidai ba ne. A 2003 aka sake ta, bayan an gano sakamakon gwajin da ke nuna ɗan na biyu na ɗauke da ƙwayar cuta, wanda ba a nuna wa kotun farko ba. Shekara huɗu bayan fitowarta ta rasu.

Irin wannan ninkin kake yi a wayarka kullum, ba ka sani ba. Saƙo ya shigo cewa an tare hanyar Funtuwa, ko an ga babura 200 sun nufo gari. Ka gan shi a zauren WhatsApp na 'yan ajinku, ka gan shi a na unguwa, wani shafi a Facebook ya ɗora, wata a TikTok tana kuka a kai. Zuciyarka ta ce wurare huɗu ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

A ce kowane mai ba da labari na kuskure sau ɗaya cikin biyar. In mutum uku ne da ba su san juna ba, kowanne ya gani da idonsa, damar su yi kuskure gaba ɗaya 1/5 sau 1/5 sau 1/5 ce, wato 1/125. Labari ne mai ƙarfi. In kuwa dukkansu daga muryar mutum ɗaya da aka naɗa suka kwaso, damar kuskuren na nan a 1/5 ko da shafi dubu ne suka ɗora. Abin da ake nanata mana a sashen aikin jarida ke nan game da majiya ta biyu: sai wadda ba daga ta farko ta ji ba. Wanda ya yi Islamiyya ma ya san malaman hadisi ba yawan masu faɗa kaɗai suke ƙirgawa ba, hanyoyin da labarin ya biyo suke bi ɗaya bayan ɗaya, su ga ko duk a kan mutum ɗaya suka haɗu.

Manyan kafafe ma ba su tsira ba. Da aka sace ɗaliban Kuriga ranar 7 ga Maris ɗin 2024, lambar 287 ce ta zagaya duniya, daga jaridun Legas har na Landan da Amurka. Duk daga ƙiyasin farko da aka bayar a garin cikin ruɗani ta fito. Ranar 24 ga watan aka dawo da yara 137, gwamnatin jihar ta ce su ke nan waɗanda aka tafi da su. Ɗaruruwan kanun labarai, majiya ɗaya.

Ba cewa nake in ka ji an tare hanya ka yi kunnen ƙashi ba. Tsayawa awa ɗaya a tasha arha ne in aka kwatanta da abin da ake gudu. Amma kafin ka tura wa zaure na gaba, kira mutum ɗaya da ke wurin, direba ko mai shago a bakin hanyar, wanda ba daga wayarsa ya gani ba. Kiran nan ɗaya ya fi turawa ɗari nauyi. Labarin ƙarya kan hari ya isa ya watsa kasuwa, ya kuma isa ya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba.

Wani zai ce duk wannan me ya kawo shi, ai komai ƙaddara ce. Haka ne, kuma ba wanda ya ce 1/4 ta san ɗan da za a haifa. Amma manomin da ya yi imani da ƙaddara bai taɓa shuka masara a watan Janairu ba.

Ƙannenmu da aka rufe wa makaranta zango bayan zango, ko malamin lissafinsu ya nemi canjin wurin aiki bai dawo ba, da yawansu an tsallake wannan babin da su, kuma zai jira su a takardar jarrabawa. In kana da ƙanwa a ƙaramar sakandare, ba sai ka nemo kwandala ba. Ɗebo ƙwayar masara goma, shida fara huɗu ja, ka zuba a hularka. Ta rufe ido ta zaro ɗaya, ta duba, ta mayar, ta sake zarowa. Damar ja sau biyu 4/10 sau 4/10 ce, 16 cikin 100. Sannan ku sake, amma wannan karon ta riƙe ta farkon a hannunta. Yanzu 4/10 sau 3/9 ce, 12/90, wajen 13 cikin 100. In ta ce maka ai duk ɗaya ne, miƙa mata hular ta ƙirga abin da ya rage a ciki.